Tsaga a Kunci Ɗaya

Shekarun baya, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, shugabannin majami'a suka tura maigidana aikin bishara a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wani ƙauye mai tafiyar sa'a biyu a ƙasa daga Geceme. Can ne mahaifarsa. Ni ƴar Maraɗi ce, a gidan mishan na tashi, na yi kwaleji har na samu takardata, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na iso ƙauyen da akwatin littattafai da dutsen guga, kamar akwai wanda zai duba ko zanena ya yamutse. Ƴaƴanmu biyu ne, duka mata: babbar shekararta uku, ƙaramar kuwa jaririya ce a bayana.

Duk wanda ya san Arawa, mutanen ƙasar, ya san tsagarsu, doguwa daga gefen baki har kunne, dama da hagu. Maigidana yana da ita. Ni ba ni da ko ɗigo, ƴaƴana ma haka. Matan ƙauyen suna kirana Madam, suna cewa fuskata kamar sabuwar ƙwaryar da ba a yi wa zane ba. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, ba ta bi addininmu ba, tana nan da iskokinta, amma tana son jikokin nan har ranta. Ba mu yi mako ba ta ɗauko zancen tsaga. Na zaunar da ita na yi mata darasi a kan aska marar tsabta da ciwon da take kawowa, har da kalmomin Faransanci. Ta saurare ni tsaf, ta ce, “To, Madam.” Maigidana kuma ya ce, “Inna, an bar wannan yanzu.” Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare.

Aikin bai tafi ba. Wata shida muna yin sujada a ƙarƙashin rumfar zana, daga mu sai wani tsoho da ke zuwa don inuwa, ya yi barcinsa ya tashi. Maigidana ya rame. Yakan je wurin dattawa ya dawo ya zauna yana kallon ƙasa. Ina tausayinsa, Allah ya sani.

Wata Talata aka ce masu allurar agana sun zo Geceme. Na shirya da sassafe zan kai yaran biyu. Sai maigidana ya ce, “Ki bar ƙaramar wajen Inna. Tana mura, ga rana, ga nisa.” Ban taɓa barin ta da kowa ba. Da ya ga ban so ba, ya ce, “Haba, kakarta ce fa.” Na ba ta nono, na miƙa wa Inna ita, na saɓa babbar muka kama hanya.

Mun wuce gonakin gero ke nan muka haɗu da wata Bafillatana da ke kawo mana nono, ƙwarya a ka. Ta washe baki ta ce, “Barka, Madam! Ashe kin yarda. Yau ɗiyarki za ta zama ta gida.”

Na ce, “Yarda da mi?”

“Af! Ba wanzami na gani ya shiga gidan surukarki da zabirarsa ba? Har an ɗora ruwa.”

Ban san yadda na dawo ba. Na san dai takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi a hanya, babbar tana bayana tana kuka tana cewa in tsaya. Tun daga bakin rijiya na jiyo muryar jaririyata, irin kukan da numfashi ke ɗaukewa a tsakiyarsa.

Na faɗa gidan ba sallama. Tsofaffi uku a kan tabarma, Inna ta matse yarinyar a cinyarta ta riƙe mata kai, wanzami a tsugune. Kuncin dama an riga an tsaga, daga baki har kunne, an shafa baƙin tukunya, jini na bin wuyanta. Yana goge aska zai juya ta hagu. Na fizge ta da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Wanzamin bai ko firgita ba. Ya ce, “Madam, sannu. Kawo ta in ida, yanzu-yanzu ne. Ba a barin wannan aiki rabi.”

Na ce, “Ka taɓa ta ka gani.”

Inna ta tashi tana tafa hannu. “Ke ɗiyar nan, kina da hankali? Wanda aka yi an yi, ba ya gogewa. In kin tahi da ita haka, mi za a kira ta? Ba ta zama taku ba, ba ta zama tamu ba. Dariya kike so a yi mata har ta tsufa?”

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Na tsaya. Na dubi fuskar nan, gefe ɗaya jini, gefe ɗaya lafiya lau, na ji maganar Inna ta shige ni. Hannuna har ya fara sassautawa. Sai yarinyar ta cusa fuskarta a ƙirjina tana neman nono da bakin da aka yanka, ta kama ta saki don zafi. Na juya na fita.

A bayan dangar gidan na same shi tsaye. Maigidana. Ashe duk abin nan yana wurin, yana jin kukan, ya toshe kunne ɗaya da hannu.

Na ce, “Ka sani?”

Ya ce, “Mu je gida tukuna.”

“A nan za ka faɗa mini. Ka sani?”

Sai ya fara bayani, murya ƙasa-ƙasa don kada a ji. Wai dattawa sun ce masa mutumin da ƴaƴansa ba su da tsaga baƙo ne mai wucewa, ba a zama a saurari baƙo a kan zancen Allah. Wai in ya nuna shi ɗan gida ne har yanzu, za su ba shi kunne, har su ba da filin ɗakin sujada. Ya ce, “Na yi addu'a a kai, kwana da kwanaki.”

Na ce, “Ka yi addu'a. Ka tambayi Allah, ka tambayi dattawa, ka tambayi Inna, ka nemo wanzami. Ni da na haife ta sai ka aike ni Geceme. In fuska ake bayarwa a sayi masu sauraro, ga taka, ga tawa, ka taɓa tambayata na hana? Sai wadda ba ta da bakin cewa a'a?”

Ya juya ya kama hanyar gida. Da ya amsa ma da na fi jin sauƙi.

Na wanke ciwon da tafasasshen ruwa da gishiri. Washegari na kai ta asibitin Geceme da kaina. Ma'aikacin da ya duba ta, shi ma mai tsaga ne, ya sa magani ya ce, “Madam, da kin bari an ida.” Haka kowa ya ce. Matan rijiya, mai nonon, har wani babba daga majami'a da ya zo duba aiki, wanda ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri kada in ɓata wa mijina hidima. Ba wanda ya ja shi gefe. Inna ta aiko sau uku a kawo yarinyar a gyara, sau uku na mayar da ɗan aiken. Tun daga ranar ko rijiya zan je da ƴaƴana biyu nake zuwa, ɗaya a baya ɗaya a hannu, kamar mai ƙaura.

Dattawan kuwa ba su zo ba. Filin ma ba su bayar ba. Da shekara ta cika aka mayar da mu Dogon Dutsi.

Maigidana ya roƙe ni gafara, ba sau ɗaya ba, kuma na yafe iyakar yadda zan iya. Muna tare, yana aikinsa, ni ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Amma har yau in na ji jariri ya yi irin kukan nan sai in bar abin da nake yi in nufi wurin. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ban san ko na yi wa ɗiyata daidai ba da na hana a ƙarasa. Abin da na sani shi ne ba a tambaye ni a na farkon ba, na biyun kuwa a hannuna yake, na ƙi. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne mutanen kirki ne suka yi, kowa da kyakkyawar niyyarsa, suka zauna suka tsara yadda za a kawar da ni daga gida.

Bara ƙaramar ta shiga lakwal. Ba ta yi wata ba ta dawo ta jefar da allonta, ta ce, “Mama, yara sun ce wai wanzamina ya mutu bai gama ba. Don mi tawa ɗaya ce?”

Babanta yana zaune a ƙofar ɗaki yana shirya wa'azin Lahadi. Na ce, “Je ki tambaye shi.” Na bar tukunya a wuta na tsaya inda zan ji, don na rantse a raina in ya ce al'ada ce, ko ya ɗora wa Inna, ranar zan kwashe ƴaƴana.

Ya rufe littafinsa. Ya dube ta ya ce, “Wannan da kike da ita, ni na sa aka yi miki, ban gaya wa mamarki ba. Ɗaya gefen kuma ita ta ƙwace miki shi.”

Ta shafa kuncin hagu, ta shafa na dama, ta ce, “To kai mi ya sa?”

Na koma wurin tukunyata na bar shi da ita.