Garin da Zakara Ba Ya Cara

Mun tashi daga Gusau ana idar da sallar asuba, ni da ƙanwata da wani abokin aikinta, sai direba. Ku da kuka ishe ni da tambayar ina na shige na bar shago a kulle, to ga labarin. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin masu sa ido kan cututtukan da ke yaɗuwa, kuma tun da aka fara zancen murar tsuntsaye a rediyo ba ta sake zama ba. Da aka tura su zagayen Zurmi da Shinkafi, mijinta ya ce a wannan zamani na Shari'a ba zai bar ta ta kwana a hanya da maza ita kaɗai ba, sai da babba. Ni ce babbar. Ni da ban san komai na asibiti ba sai layin yankar kati, aka zaunar da ni a baya kusa da wani shuɗin akwati cike da ƙanƙara da 'yan kwalabe, aka ce in kula da shi kada rana ta taɓa shi.

Hanyar Ƙaura ba laifi, sai ramuka nan da can da direba ya sani kamar 'yan uwansa. Gonaki an kwashe amfani, shanu na kiwo cikin karan dawa. Mun isa Ƙauran Namoda da hantsi, garin da layin dogo ya gaji ya tsaya. A tasha na ga motocin haya na mata zalla da aka fito da su, na kuma ga abin da ya fi ɗauke mini hankali, wato mai gashin kaji. Da ya faɗi kuɗi na zaci ban ji daidai ba. Kaza biyu a kuɗin ɗaya, manya, sun sha yaji. Ban tsaya tayi ba na ce a naɗe mini. Ina ci ina sa wa Ƙaura albarka, ita kuwa ƙanwata ko loma ba ta kai ba, sai tambayar mutumin take daga ina ake kawo masa kaji. Ya ce daga yankin Shinkafi, kwanan nan mutanen ƙauye har roƙonsa suke ya saya.

Da muka koma mota ta ce da ni talaka ba ya karyar da kazarsa haka kawai, ba salla ba, ba biki ba. In kaji sun yi arha irin wannan, to mutuwa suke a wani wuri. Cinyar kazar da ke hannuna ta tsaya kafin ta kai baki. Ta yi dariya ta ce in ci abina, naman da ya gasu sosai ba shi ne abin tsoro ba, masu yanka da masu figa su ne a bakin hatsari. Na ci, amma daɗin ya riga ya tafi.

A Zurmi muka tsaya wani ƙaramin asibiti mai firji mai aiki da kananzir. Wani dattijon malamin asibiti ya zauna da su yana faɗin waɗanda suka zo da zazzaɓi da tari a makon, daga wace unguwa, yara ne ko manya. Ni dai na ɗauka hira ce. A hanya ƙanwata ta warware mini. Ta ce wannan magana tasa za ta je Gusau, a haɗa da ta sauran garuruwa a tura Abuja, daga can ta wuce ƙasashen waje, inda ake haɗa ta da ta mutanen da ko sunan Zurmi ba su taɓa ji ba. Cutar mura tana sake kama kamar hawainiya. Abin da duniya ke tsoro shi ne ranar da ta tsuntsaye za ta koyi tsallakawa daga mutum zuwa mutum, don haka ake so a gan ta tun tana gida ɗaya. Ashe akwai masu kasa kunne ga tarin talaka, har a bangon duniya. Na dubi akwatin nan da nake ta yi wa tsiya, na gyara masa zama.

Shinkafi muka iske ranar kasuwa, Alhamis. Ban taɓa ganin albasa da barkono da raƙuma a wuri ɗaya haka ba, ga mutanen Nijar da rawunansu. A layin kaji kuwa zakaru ne jibge, an ɗaure ƙafafu, masu su na kiran mai saye kamar su yi kuka. Daga bakinsu abokin aikin ƙanwata ya samo sunan wani ɗan ƙauye a bayan Galadi. Muka nufi can ta gefen fadama, kuma a nan na ga abin da ya sa na yi ta tasbihi. Tsuntsayen ruwa ne sun rufe tafki, da motarmu ta matso suka tashi gaba ɗaya har inuwarsu ta lulluɓe mu. Aka ce mini wasunsu daga ƙetaren teku da hamada suke zuwa duk shekara, ba fasfo ba kwastan, kuma wani lokaci da cutar suke tafe. Agwagin ƙauye na iyo a gefensu hankali kwance.

Inda yashi ya fi ƙarfin mota mazan suka hau babur, mu mata aka ɗora mu a amalanken shanu, ina rungume da akwati. Mai gari ya tarbe mu hannu bibbiyu. Da aka tambaye shi ko kaji na mutuwa ko akwai marar lafiya, sai ya ce, "Lahiya lau muke, sai godiya." Dattawan da ke zaure duk suka gyaɗa kai. Aka shigar da mu cikin gida, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, a kai an jera naman zakara.

Da asuba bayan na sallame na zauna ina lazimi, sai na ji wani abu ya ɓace ban san mene ne ba. Jaki ya yi kuka, ana daka a maƙwabta, tumaki na motsi. Can na gane. Gari guda, gari ya waye, ba zakara ko ɗaya da ya yi cara. Na taɓa ƙanwata na raɗa mata. Ta ce ita ma shi take saurare.

Na fita kewaye sai na ji tari ta bayan danga, tari mai nauyi, da kukan jariri. Ni ba rigar asibiti gare ni ba, kuma baki ba ya yi mini wuya, sai na yi sallama na shiga barka. Wata tsohuwa na iske, ana ce mata Inna, da ɗiyarta mai jego da ta zo haihuwar fari gida. Yarinyar na kwance jiki kamar garwashi, numfashi da ƙyar, jaririn na gefenta. A bakin murhu ga tulin gashin kaji.

Na zauna na ɗauki jaririn, muka taɓa hira. Da Inna ta ga ba rubutu nake ba, sai bakinta ya buɗe. Ta ce kaji sun fara faɗuwa, kan su zama mushe sai ta sa a yanka, ita da ɗiyar su fige, a yi wa mai jego farfesu ta yi ƙarfi. Da suka ji a rediyo hukuma na kashe kaji, sai kowa a garin ya ɓoye nasa.

"Zakaru munka hwara rabuwa da su," in ji ta, "don su ba su riƙon asiri. Sauran suna can bukkar gona. Hajiya, don Allah kak ki hwaɗi. Su ɗai gare ni."

Kajin nan su ne sabulunta, su ne maganinta, su ne abin da take fita kunyar baƙo da shi. Na ce, "Inna, ni ba zan faɗa ba. Amma dubi ƙirjin ɗiyarki. In ciwon kajin ne ya kama ta, ƙanwata kaɗai ke da abin ganewa, kuma ba za ta gane ba sai an gaya mata gaskiya." Ta dubi yarinyar. Sannan ta ce, "Kira ta."

Da ƙanwata ta zo, Inna da bakinta ta gaya mata komai. Ƙanwata ta rufe hanci da baki, ta sa safar hannu, ta ɗauki wani tsinke mai auduga ta shafo maƙogwaron mai jego, ta jefa a kwalba, ta rufe cikin ƙanƙara. Abin bai kai a sha ruwa ba. Wannan ɗan tsinke shi ne zai yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba. Ta ba ta magani, aka shirya kai ta asibitin Shinkafi, aka kuma aika wa malaman dabbobi.

Sun zo da azahar cikin fararen riguna har ka. Suka gwada wata kaza da ta mutu da safe, suka ce alamar ba ta da kyau, dole a kashe sauran a binne. Aka buɗe bukkar gona, kaji da zabi suka watse cikin kara. Ƙarti suka yi ta gudu suna faɗuwa, ba wanda ya kama ko ɗaya, har yara na dariya. Inna tana tsaye tana kallo. Sai ta koma gida ta fito da ƙwarya da tsaba. Ta tsaya a fili ta watsa, ta yi irin kiran da take yi musu kullum. Suka fito daga ko'ina da gudu, suka kewaye ƙafafunta suna tsattsaga. Ta ce da mutanen, "To, ku ɗauka." Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Kafin la'asar sauran matan garin sun fara nuna inda nasu suke.

Mun kamo hanyar gida washegari, direba na gudu saboda ƙanƙara, muka shiga Gusau da rana tsaka aka wuce da akwati wurin gwaji. Na koma shagona, amma hankalina na bayan Galadi. Da sakamako ya fito ƙanwata ta zo da kanta ta gaya mini. Kajin murar tsuntsayen ce ta kama su. Mai jego kuwa murar mutane ce ta sauka mata a ƙirji, ba ta tsuntsaye ba, ta warke ta koma gida da ɗanta.

Na tafi ina ganin tsaron annoba aikin manyan likitoci ne da injuna, kuma lalle na ga abin mamaki a aikinsu. Amma na dawo da sanin cewa duk wannan dogon shiri, daga Zurmi har ƙasashen waje, ba ya motsi sai wani a cikin gida ya yarda ya faɗi gaskiyar da za ta ci masa dukiya. Abokin aikin ƙanwata ya koma ƙauyen ya kai wa Inna labari, na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta yi hamdala ta sake yi, sannan ta ba shi saƙo.

"Ka gai da Hajiya. Ka ce mata jikana na nan ƙato. Ni ko har yau da hantsi sai in ɗebi tsaba in hito tsakar gida, sannan in tuna."