Ƙafar Baya ta Hagu

Motar da na saya tun ina bakin aikin gwamnati ba ta taɓa kunyata ni ba, sai bayan daminar da kogi ya shigo mana unguwarmu Harobanda. Gidana a gangare yake, saboda haka ƙafarta ta baya ta hagu ta daɗe a cikin laka. Da ƙasa ta bushe, sai birki ya fara kuka. Babban ɗana, wanda ya jima yana neman raba ni da tuƙi, ya ce in kukan ya ci gaba zai karɓi lakile, wato makullin motar.

Na kai ta garajin Wadata da na saba zuwa. Tsohon makanikena ya rasu, ɗansa ne ya gaji wurin. Ya kwance ƙafafun baya, ya fito da filaket, wato ƴan faifan da ke matse ƙafa in an taka birki. Na hagu sun cinye har ƙarfe, na dama kuwa kamar jiya aka sa su.

Na ce, "Ɗana, abu biyu da aka sa rana ɗaya, me zai ci ɗaya ya bar ɗaya?"

Ya yi dariya. "Baba, tsufa ne. Ai kai ma gwiwarka ɗaya ta riga ɗaya gajiya."

Ya sauya na hagu kaɗai, kamar yadda suka saba. Kafin sanyi ya wuce, kukan ya dawo.

Sai na shiga bincike da kaina. Duk lokacin da na ƙetare gada, nakan tsaya in ɗora hannu a kan ƙarfen kowace ƙafa. Ta dama da ɗumi kawai, ta hagu kuwa ba ta taɓuwa. Na fahimci birkin wannan gefe yana kamawa, ba ya saki.

Na koma na bayyana masa dalla-dalla. Ya ce, "To, Baba ya zama injiniya! A sa sababbi?"

Na ce ba za a sa kome ba sai ya zare sandunan da birkin ke zamewa a kansu. Na ja benci na zauna, na ƙi tashi. Ɗaya ta fito salin alin, ɗayar sai da guduma, jawur da tsatsa, da busasshiyar lakar unguwarmu a jikinta. Ya goge, ya shafa giris, bai dube ni ba.

Na iso gida ba kuka ko kaɗan, sai na tarar da ɗana a zaure. Na soma yi masa bayanin tsatsa da laka. Ya saurara cikin ladabi, kansa a sunkuye, har na gama.

Sannan ya ce, "Baba, an ga ka a bakin gada, tsakiyar motoci, kana durƙushe kana shafa ƙafar mota. Don Allah, lakilen."

Motar tana nan ƙarƙashin rumfa. Birkinta lafiya lau.