Kabarin da ya ƙi akwati

Ni dai karatuna a aji uku ya tsaya, ranar da mushe, malaminmu, ya duba kaina ya ce ya fi dacewa da ɗaukar buhun gyaɗa. In kun ga rubutun nan na ɗingishi, ku kai ƙarar lakwal, makarantar bokonmu.

Shekarar da aka ƙone majami'u a Damagaram, ƙanena na gadin ɗaya daga ciki. Hayaƙi ya cika masa ƙirji, ya kwana huɗu a lopital hannun likitoci, ya cika. Ƴan'uwa na birni suka sa shi a akwatin katako, mota ta kawo shi Magarya, amalanken jaki ya ƙaraso da shi ƙauyenmu, gefen Kwaya.

Mu Kirista gida uku ne a garin. Mazanmu kuwa ni, da wani makaho, da fasto mai ciwon baya. Rundunar ke nan. A wajenmu mai mamaci ba ya haƙa kabari, maƙwabta ke yi masa. Kafin gawa ta iso, taubashina, ɗan kawuna, Musulmi mai saje, ya riga ya kwashi mutane sun haƙa a gefen da aka ware mana a maƙabarta. Cikinsu har da babban ɗansa, magidanci, ɗan kabu-kabu a birni. Shi ne aka ce an gani cikin taron ranar ƙuna, riƙe da bidon isansi, wato jarkar fetur.

Muka isa da azahar, sai ga kabari irin nasu: siriri, da ƙaramin rami a ciki daidai kwanciyar mutum cikin likkafani. Aka gwada akwati ta kai, aka gwada ta ƙafa. Ya zauna a bakin ramin kamar kwale-kwale a tudu.

Taubashina ba ya barin tsiya ko a maƙabarta. Ya ce, "Kai tsohon banza, ba ka ce mana da ɗakinsa zai taho ba."

Na ce, "Gidan da aka iya kunna wuta, na zaci an iya awon katako."

Ba wanda ya yi dariya. Shekara sittin muna zagin juna da shi, ban taɓa jefa masa irin wannan ba.

Na fizge dagi na dira cikin ramin, na ce ba hannun da zai ƙara taɓa makwancin ɗan'uwana sai nawa. Sara uku na yi, rairayi ya zubo mini har gwiwa, numfashi ya ƙare. Rana na dukan akwatin, gawa ta kwana biyu a hanya, ƙuda sun fara sanar da mu. Matar ƙanena na zaune can nesa ƙarƙashin gawo, ta daina kuka, ni kawai take kallo.

Ɗan taubashin nawa ya sauko ya tsuguna gabana, ya miƙo hannu. "Baba, ba ni."

"Ka je wurin?"

"Na je, Baba."

"Kai ka zuba?"

"Bido na riƙe. Wallahi ban san Baba ƙarami na ciki ba."

"Da uban wani ne a ciki fa?"

Ya bar hannunsa a miƙe. Na ɗaga kai ko fasto zai ba ni aya, na iske shi ma kuka yake. Na miƙa dagin. Na fito na karya karan dawa, na auna faɗin akwati, na jefa masa. Har la'asar yana sara, bai ɗago ba, bai karɓi ruwa ba. Da akwati ya sauka muka yi waƙarmu, murya biyar, su kuma suna tsaye a baya da hannu a buɗe.

Ran Lahadi fasto ya kafa misali da ni, wai ga dattijon da ya yafe a bakin kabari. Na so in tashi in ce ƙarya ne, ƙuda ne suka yafe, ba ni ba. Uwargidana ta danne mini riga.

Har yau in ɗan taubashin nawa ya zo gari yakan kashe moto, babur ɗin hayarsa, a ƙofata ya tsuguna gaisuwa. Wata rana in amsa, wata rana tari ya kama ni. Kowace safiya nakan sa shi cikin addu'a, tun da haka aka umarce mu, amma sunansa kawai nake faɗa in tsaya. Abin da zan roƙa masa, ban samo ba tukuna.