Yaya Mati da Hoton Janar

Duk wanda ya taɓa shan shayin Yaya Mati a tashar Maigatari ya san ba ya ambaton sunan Janar. In hira ta biyo ta kan shugaban sojan da ke mulki a wancan zamani, sai ya duba hagu, ya duba dama, ya leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ya ce, "Mutumin nan." Na taɓa ganin ya yi haka a tsakiyar gonarmu ta hanyar Ɗanzomo, daga ni sai jaki. Na ce, haba Yaya, wa zai kai rahoto a nan? Ya ce in rufa masa baki, ai ban san hannun da jakin ya fito ba.

Ni Isa ƙaninsa ne, ciki ɗaya, don haka na san tushen abin. Ɗansa na fari, Lawan, soja ne cikin masu gadin ƙofar Janar. Yaya ya sa wa ransa cewa duk kalmar da ta fita daga rumfarsa sai ta isa bariki, kuma a kan yaron za a huce. Ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kira, balle ya tambayi lafiyarsa a gaban jama'a.

Zamanin ma na tsoro ne, kada yaran yanzu su ɗauka wasa muke. Iyaka a rufe, bulala a kasuwa, da idona na ga an sa dattijo mai furfura tsallen kwaɗo don ya shiga gaban layi. Mota za ta tsaya a ɗauki mutum, iyalinsa su rasa wanda za su tambaya. Amma dai Yaya ya zarce kowa. Har a gidansa ya kafa layin tuwo: matarsa Ladi a tsaye da mara a hannu, yara a jere, shi mai gidan can a ƙarshe da kwanonsa.

Burodi kuwa ba ya naɗe shi a jaridar da ke da fuskar Janar. To a lokacin wace jarida ce babu fuskar? Sai ya miƙo maka burodinka tsirara, jaridun ya kai ƙarƙashin gado ya jibge. Ran nan ya janyo su, ya tarar gara ta cinye hancin Janar kaf. Nan take zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce, "Ladi, gara ta ja mana." Ita kuwa ba ta ko ɗago daga tankaɗenta ba, ta ce sai a zo a kama garar.

Sai ga safiyar da rediyo ya tashi da badujala, babu labarai, babu gaisuwa, alamar juyin mulki ke nan. Kun san rediyon Maigatari, tashar nan da ta tsallaken iyaka duk kamawa yake, Yaya kuma hotuna biyu ya rataye, na Janar namu da na shugaban can, tunda jandarmomin can ma suna leƙowa shan shayi. Bai san na wa aka kifar ba, ya sauke duka biyun. Da wata baƙuwar murya ta tabbatar namu ne, ya mai da na tsallake. Wani direba ya ce a bi a hankali, irin wannan takan ci tura, ya yi maza ya mai da Janar. Wani ya ce an gama, ya sake saukewa. Hawa da sauka har ƙusar ta gaji. Daga ƙarshe ya rataye shi fuska na kallon zana, ya ce, "In ya dawo, hayaƙi nake kare masa."

Tasha ta yi ta dariya, ni ban yi ba. Direbobin da suka taso daga Kano sun fara kawo labarin an yi harbi a ƙofar gidan Janar, an kwashe gawarwaki. Duk motar da ta tsaya, Yaya zai kai shayi da kansa, ya sunkuya ya ce, "Masu tsaron ƙofar fa?" Mutane suka ɗauka Janar yake wa makoki, suna tsokanarsa wai ubangidansa ya faɗi. Wallahi na ji haushinsu, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ladi tana kukanta a fili, shi babu hali. Na je Gumel neman labari na dawo hannu wofi. Yaya ya daina cin abinci, wuyansa ya zama kamar na zabo.

Ranar wata kasuwa, rumfa cike, motar shanu ta tsaya, Lawan ya diro daga baya. Ya rame, yana sanye da jallabiyar aro, amma a ƙafarsa takalman soja ne. Yaya ya gan shi sarai. Bai ɗago ba, ya ci gaba da tsiyaya shayi har kofi ya cika ya malalo a ƙafar mai shi. Can ya ce, "Isa, ce wa baƙon nan ya tuɓe takalmansa."

Da la'asar ya ja ni gona da takalman a cikin buhu, wai kada sababbin masu mulki su gane yaron na tsohon ne. Ni na haƙa ramin, na jefa takalman ciki. Da na mai da ƙasa sai ya durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace masa, irin wanda ban taɓa ji ba ko a rasuwar mahaifiyarmu. Ya ce, "Isa, na ɗauka ko gawarsa ba za a ba ni in binne ba."

Ranar da Yaya ya rasu, Lawan ne ya yi masa wanka, shi ya sa shi a kabari. Allah Ya jiƙan Yaya Mati, Ya kai haske makwancinsa, Ya tashe shi cikin waɗanda babu tsoro a kansu.