Saƙon da Ya Shekara Ɗari Biyu a Hanya

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina da ya taɓa aikin masaƙa a Kaduna. Sati uku ke nan da sojoji suka miƙa mulki, hotunan 'yan takara ma ruwa bai gama wanke su daga bango ba. Abokin nan shi ya matsa mini. Wai tsohon ubangidansa a masaƙa, Baba Yohanna, yana kwance rai a hannun Allah, kuma yana da wasu tsofaffin takardu da ya ce ba mai buɗe su sai ɗan cikin birnin Kano. Ni kuwa abu biyu na iya a duniya, karatun tsohon rubutu da surutu.

Hanya lafiya lau, damina ta zauna, ko'ina kore shar. Shingayen sojoji sun ragu, amma 'yan sanda sun gaje wurin har da gangunan tare hanyar. Direbanmu ya ce shi dai launin riga kawai ya ga ya canja. A Kwanar Dangora muka sha shayi da burodi na naira talatin, shayin da sai ka leƙa kofi da kyau kafin ka yarda an sa madara. Wajen hantsi muka shiga Kaduna, muka ci masa a Unguwar Mu'azu, gidan ƙanwar abokina, sannan muka haye gada muka nufi Television. Sunan unguwar ya ba ni dariya, don kwanansu huɗu babu wuta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu da tsakar rana. 'Yar Baba, Rifkatu, nas ce, ita ta tare mu a ƙofa da ido ja. A bakin ɗakin tsohon na ga wata sanda da hannu ya goge har tana ƙyalli, an rataye mata 'yar jakar fata da ta yi baƙi ƙirin. A ƙarƙashinta takalma ne ƙafa biyu, an jera su suna kallon waje. Abokina ya kai ƙafa zai ture su, wata murya daga cikin duhun ɗakin ta ce, "Bar su." Abokina ya janye ƙafarsa.

Rifkatu ta ja ni gefe. Ta ce, "Malam, sau uku dakta yana cewa mu kira 'yan'uwa, sau uku Baba yana dawowa. Kakana ma haka ya yi, wata huɗu yana fama, sai da ya danƙa wa Baba jakar nan. Yanzu yayana ya ce shi ba zai karɓa ba. 'Yan cocinmu sun ce laya ce. Wallahi da ba ku zo ba, ran Lahadi zan cinna mata wuta."

Baba ya rame, sai ƙashi da ido, amma maganarsa tar. Ya ce kakansu na farko ɗan aike ne na wani wakilin sarkin Kano da aka tura zama ƙasar Kwararrafa, tun kafin jihadi. Yana hanyar kai saƙo ciwo ya kayar da shi a cikin duwatsun kudu. Mutanen ƙauye suka yi jinyarsa, kafin ya miƙe yaƙi ya toshe hanya, sai ya yi aure a nan. Da zai mutu ya miƙa wa ɗansa jakar, ya ce, "Saƙo ne, ba namu ba ne." Tun daga nan ba a ajiye ta a ƙasa, kuma mai riƙe da ita ba ya juya takalminsa ciki, don ɗan aike hutawa kawai yake yi. Sunan mai saƙon ya ɓace musu, sai Kano kaɗai suka riƙe. Baba ya ce, "Ni ne na bakwai. Na ji a rediyo soja sun tafi, na ce to, hanya ta buɗu ke nan."

Na wanke hannu na warware ɗinkin jakar. Wasiƙu uku ne, a kan takardar nan ta da mai tambarin jinjirin wata uku. Na zaci zan ga sirrin yaƙi. Ina! Ta farko daga wakilin ce zuwa ga sarki: dawakan kyauta sun iso amma ɗaya na ɗingishi, mai masaukinsa ya bar shi kwana tara bai gan shi ba, a taimaka a aiko da takarda da kanwa. Ta biyu ga ƙanensa, a yaɓe katanga kafin ruwa ya sauka, a kuma ɗinko masa takalmi don nasa ya mutu. Rifkatu har ta yi murmushi, ta ce, "Ashe wannan muke tsoro?"

Ta uku da ajami ce, zuwa ga mahaifiyarsa, a gidan da ke gindin kuka daura da marina. Ya ce sau uku yana rubutowa bai ji amsa ba. Duk ranar da ayari ya sauka yakan je ƙofar gari ya zauna har a gama kwance kaya. Abu ɗaya yake so a gaya masa, tana da rai? A ƙarshe ya roƙi duk wanda takardar ta shiga hannunsa, don girman Allah, kada ya zauna sai ta isa. Ina karanta wannan layin iska ta buga ƙofa, sandar ta karkata ta jingina da kafaɗata. Iska ce, na sani. Amma ban ture ta ba.

Baba ya ce, "Ɗana, ka san gidan?" Na ce na san marinar. Gaskiya ce, amma rabinta. Ya sa aka ɗora masa jakar a tafin hannu, ya miƙo mini da hannu biyu. Da na yi tunani da na ce a bari in fara bincikawa. Ban yi ba, tausayi ya ci ni, na karɓa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Rifkatu, juya takalman nan." Ta juya su suka kalli ciki. Ya nemi kunu, ya shanye kofi guda, har ya tsokani abokina kan tsohon lalacinsa a masaƙa. Muka yi sallama. Ba mu kai bakin titi ba muka ji kuka ya tashi a bayanmu.

Muka koma muka yi ta'aziyya, muka kwana a Unguwar Mu'azu, washegari muka kamo hanya. Jakar tana kan cinyata har Kano. A Zariya kwandasta ya ce in sa ta ƙarƙashin kujera, na yi masa tsawar da ni kaina ta ba ni mamaki.

Kwana biyar na yi ina yawo a unguwar. Marinar an cike ta, makanikai ne a wurin. Kuka babu ko kututturenta. Dattijon da ya fi kowa tsufa a layin ya ce shi ko a bakin kakarsa bai ji labarin gidan ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na ɗauka manyan da sai maganar yaƙi da sarauta, ashe su ma takalmi suke nema da labarin uwa. Na kuma ga amana a gidan da ba addininmu ɗaya ba, mutum bakwai sun riƙe takardar da ko baƙi ɗaya ba su iya karantawa a cikinta. Ni mai karatun, da rabin gaskiya na karɓe ta, kuma abin yana damuna.

Jiya maiɗakina tana shara ta kai hannu za ta sauke jakar daga ƙusa, ta ce, "Wai Malam, wannan ta mece ce?" Sai na ji bakina ya ce, "Saƙo ne, ba namu ba ne." Ta dube ni, ta dubi bakin ƙofa, ta ce, "To su kuma takalmanka, yaushe ka fara jera su suna kallon waje?"