Mutumin da yake rako mani masu saye

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaye bakin shago da makulli a hannu aka bugo mani waya, wai Baba Ummaru ya rasu a asibiti a Birnin Kebbi.

Baba Ummaru mai kayan injin ban ruwa. Shagonshi na kallon nawa a nan Argungu, titi kaɗai ya raba mu. Kaya iri ɗaya muke sayarwa: fulogi, kafireta, tiyo, igiyar tayar da inji. Shi ya tsufa a sana'ar, ni kuwa jiya-jiya na zo.

An yi mashi sutura kafin azahar. Tun da muka dawo na kasa haɗa ido da mutane, kuma wallahi ba kuka ne kaɗai ya hana ni ba. Kunya ce.

Ranar da na buɗe shago, na ɗauka gaba za mu yi. Sai ga shi ya tsallako da tsintsiya da butar ruwa, ya yayyafa mani ƙofa da kanshi don ƙura ta kwanta. Ya ce, "Nasiru, arzikin wani ba ya shiga aljihun wani. Allah shi sa albarka."

In zazzaɓi ya kayar da ni, shi ke duba mani shago. In matarshi ta aiko da fura, sai ya ɗaga ludayi daga can ya yi mani alama in zo.

Masu sayen kayanmu manoman fadama ne, masu shinkafa da albasa. Mutum zai zo da laka har gwiwa, da ɗan ƙarfe ƙunshe a leda, bai san sunanshi ba. Sai ya ce maka, "Wanga abin da ka juyawa na ya lalace." Baba Ummaru duk wanda ya tsaya gabanshi sai ya miƙe tsaye, da ciwon gwiwar da komai. Ya ba shi benci, ya ɗebo mashi ruwan randa, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, sannan a kwance leda. Ko mutum bai sayi komai ba, har bakin titi ake raka shi.

Ni fa? Ina kan kujera, kai a waya. In mutum ya kasa faɗin sunan abu, sai in ce babu, ko ɗagowa ban yi. A raina cewa nake sun cika taya kaya da ɓata lokaci. Kasuwa ta ƙi, har na fara tunanin rufe shagon in koma Gwadangaji wurin yayana in ja Keke mai ƙafa uku.

Abin da ya riƙe ni shi ne Baba. Kusan kullum sai ka gan shi ya tsallako titi riƙe da hannun wani manomi. "Nasiru, ga baƙo. Ba shi kafireta, taka ta fi kyau." Ko ya ce, "Duba mashi fulogi, ɗana." Ya tsaya ana ciniki, yana ba mutumin labari, yana sa shi dariya, har a gama. Da waɗannan mutanen shagona ya rayu.

Ni kuma, don rashin hankali, na ɗauka kayanshi ne suka ƙare. Wasunku za su tuna abin da na taɓa sawa a wannan shafin nawa, cewa harka ta buɗe, har tsofaffin 'yan kasuwa wurinmu suke kawo kwastoma. Kuka yi ta zuba mani sambarka, ni kuma ina ta fasa kai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar da za a wuce da shi asibiti ce. Ya sa aka tsaya da mota, ya kira ni ta taga. Ya rame ƙwarai. Ya riƙe mani hannu ya ce, "Ɗana, kaya ba su kiran mutum, huska ka kira nai. In mutum ya taho, ka miƙe tsaye. Shi ke nan roƙona."

Na yi dariya. Na ce, "Baba, zamani ya canza, yanzu a waya ake ciniki." Ya ce to, Allah shi yi maka albarka. Mota ta tashi.

Ɗazu bayan jana'iza, babban ɗanshi Sanusi ya ce in zo in kama mashi mu kwashi bencina da randar shagon zuwa gidan makoki. Ban taɓa wuce bakin ƙofar shagon nan ba sai yau. Muka buɗe ɗakin ciki. Jama'a, kwalaye ne har rufi. Kafireta irin tawa sak. Fulogi kamfani ɗaya da nawa. Duk abin da ya taɓa rako mutum wurina ya saya, ga shi nan jibge.

Na ce, "Sanusi, ashe Baba na da waɗannan?"

Ya ce, "Bai taɓa rasa su ba. In mun yi magana sai ya ce, ku bari in riƙa kai masu saye wurin Nasiru, su saba da ƙohwarshi."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.

Da la'asar na koma in rufe shagona da kyau, don da safe ƙofa kawai na ja na tafi. Sai ga Malam Bawa, wani manomin albasa da Baba ya sha kawo mani, ya sauka daga kan babur da ledarshi. Bai ji labari ba. Ya tsaya gaban shagon Baba a kulle, mai shayi ya gaya mashi. Ya cire hula, ya daɗe yana salati. Sannan ya juyo ya dubi shagona, ga shi a buɗe, ga ni a ciki. Ya mayar da leda aljihu, ya nufi babur ɗinshi.

Albasarshi na can tana jiran ruwa, amma ya gwammace ya tafi har Birnin Kebbi da ya shigo wurina.

Ban san lokacin da na tashi ba. Ko takalmi ban sa ba na tsallaka titi, na riƙe kan babur ɗin. Na ce, "Malam Bawa, don Allah zo ka zauna ka sha ruwa. Mu ga abin da ya lalace."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe kana da ƙahwahu?"

Ya biyo ni. Babu benci a shagona, sai na ba shi kujerata, ni na tsaya.

Ya Allah ka jiƙan Baba Ummaru. Yadda ya miƙe wa bayinka, talaka da mai hali, ka sa mala'ikun rahama su tarbe shi a tsaye. Ka haskaka kabarinshi, ka ba iyalinshi haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mani Allah ya ba ni ikon cika roƙon nan guda ɗaya da ya bar mani.