Gawayin da Ke Kashe Wutar 'Yata

Ni idan na idar da sallar asuba, kowane ɗa da buƙatarsa nake ambata. Babban, ina roƙa masa damina mai albarka a gonarsa ta ƙauyen Turawa. Mai ɗinki, lafiyar ido. Amma autata, wadda karatu ya kai ƙasar waje, shekara uku ba na iya wuce "Allah ya taimake ta", don ban san aikinta ba. Abin yana ci mini rai, kamar ita kaɗai na sallama hannu wofi.

Da ta zo hutu da kaka, muna ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu, sai na ce yau sai ta faɗa mini, da Hausa.

Ta ce a wurin aikinsu wata tukunya gare su ta ƙarfe, zagayayya kamar gammo, girmanta ya fi ɗakina. A ciki suke son kunna wuta irin ta rana. Wutar ba ta zama a ƙasa, maganaɗisu ne ke riƙe ta a iska, tana ta kewayawa. Na lumshe ido, sai ga ta ina gani, ja-ja, tana juyi shiru, ba hayaƙi, ba itace.

Cikin tukunyar, in ji ta, an jera masa wani irin gawayi mai jure zafi. To, in harshen wutar ya lashe shi, sai ƙurarsa ta tashi ta shiga tsakiya, ta sace zafin, wutar ta mutu. Aikinta ke nan, tsare ƙurar nan a gefe.

Na ce, "Ke, sabuwar tukunya ai ba a ɗora ta haka. Sai an tafasa ruwan dusa a ciki, ya toshe ta, kada ƙasa ta shiga miya."

Ta ajiye gyaɗar tana dariya. "Inna, wallahi haka muke yi. Mu gasa ta kwana da kwanaki, sannan mu shafe cikin da wani sinadari."

Na tambaya ko yana yi. Ta ce wani lokaci, na ɗan ƙiftawar ido.

Ranar da ta hau mota a Ƙaraye ban yi kuka ba. Washegari na ɗaga hannu, da na zo kanta na ce Allah ya kwantar mata da ƙurar gawayin nan a bangon tukunyar, ya bar wutarta ta daɗe. Na maimaita sau uku, a hankali, kada in tsallake wani abu.